Nomau da Fulogin Motar Tsere

Nomau ƙanin Kulu ne, matar Ilu bakanike. Ƙato ne mai gemu, ga ladabi, sai dai abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Da kuka Kulu ta roƙa aka ɗauke shi a gareji.

Wata rana Ilu ya ce, "Wanke fulogan injin nan tas." Nomau ya samo omo da soso, ya dirje su, ya ɗauraye, ya shanya a igiya kusa da zanen Kulu.

Wata rana aka kawo wata jar motar tsere. Ilu ya ce, "Kada kowa ya taɓa ta." Mai motar, Alhaji Mudi, ya zo ɗaukar hularsa a ciki, Nomau ya tare shi da gora.

"Tawa ce fa!"

"Ranka ya daɗe, kowa aka ce."

Ilu ya rantse in Nomau ya ƙara ko ɗaya, ƙauye zai koma. Hankalin Nomau ya tashi, don tuwon Kulu ya karɓe shi.

Ita kuwa motar, da an taka ta sai ta hau tari. Ilu, da ya saba da tsofaffin tasi, sai ƙara buɗe bakin fulogi yake yi, wai wuta ta yi ƙarfi. Tarin ya ƙaru, Alhaji ya ce gobe zai kai ta wani garejin.

Washegari, Ilu na saurin tafiya masallaci, ya buɗe bakin fulogi ɗaya, ya suɓuce masa ya daki siminti. Ya ɗauka ya miƙa wa Nomau.

"Yadda na yi wa wannan, haka za ka yi wa sauran."

Nomau ya buɗe kowanne, ya sake shi ƙasa, tim, sannan ya ɗaura su a motar. Ilu ya dawo ya ji labari, ya dafe kai. Kafin ya yi magana Alhaji ya iso, ya ja motar ya taka. Ta miƙe kamar an kore ta, ko tari babu. Ashe faɗuwar ta matse bakin fulogan, irin wannan injin kuwa ƙaramar tazara yake so.

Alhaji ya dawo yana dariya. "Ilu, wane sirri ne wannan?"

Ilu ya yi gyaran murya. "Aikin ƙanina ne, Alhaji."

Nomau ya matso, rungume da batirin wata mota. "Yaya, shi ma in sake shi?"