Rasuwar Wayar Mai Aski Bayan Sayen Titin Dutse

Da zuciya cike da alhini, iyalan mai askin da ke daura da gidan mai suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar wayarsa, wadda ta cika da hantsi a shago, jingine da madubi, caja a bakinta.

Marigayiya ta yi rayuwar hidima. Ita ke tashinsa da safe, ita ke kiran mutane idan layi ya zo kansu, ita ce fitila duk sanda aka ɗauke wuta an bar mutum da rabin kai. Ta sha faɗawa kwandon gashi, ba a taɓa jin ƙorafinta ba.

Ciwon ya samo asali ne daga wani wasan tseren motoci da mai aski ya sauke kyauta. Ba a jima ba masu wasan suka fara tallar ƙari: sabuwar mota, sabon fenti, sabon titi. Kowanne da saƙonsa, wai su 'yan ƙalilan ne a wani ɗan ɗaki, da taimakon masu wasa suke ci. Mai aski ya san zafin a yi wa mutum aiki ya tashi da "sai na dawo", don haka ya ɗauki abin kamar zumunci. Masu sana'a ne irina, in ji shi, ya saya. Da wuri ya ƙare a wayar, ya goge hotunan samfurin aski, daga baya bidiyon bikin ƙanwarsa ya bi su.

Uwargida ce ta fara tambaya: "Maigida, waɗannan marayun naka ba sa girma ne?" Yayansa, direban tirela, ya leƙa wasan ranar da aka sayi Titin Dutse, ya ce: "Kai ƙane, wannan titin tun ranar farko nake hango shi a bayan shinge. Ba gina maka suka yi ba, kuɗin cire shinge ka biya." Shi kansa mai aski ya lura tsohuwar motarsa kan rage gudu duk makon da aka fito da sabuwa, amma ya ɗora laifin a kan yatsunsa.

Bayan Titin Dutse ne marigayiya ta fara zazzaɓi. Bayanta ya kumbura, murfi ya daina rufuwa. "Tilin" ɗinta mai daɗi ya koma "ƙirrr", daga nan shiru. Mai gyara ya buɗe, ya duba, ya tambayi me ake ba ta, ya mayar da murfin.

An sanar da masu wasan. Sun amsa cewa abin da aka saya na tsohon wasa ne, kuma sabo ya fito a makon, sai dai yana buƙatar waya mai ƙarfi. Sun haɗa da rangwame. Iyali ba su zargi kowa ba, sun dai lura da yadda lokutan suka dace.

Ta rasu ta bar caja, layi, murfi mai tsaga, da motoci masu yawa a wani gareji da babu wanda ya san unguwarsa.

Za a sa ta a aljihun tebur na ƙasa, kusa da tsohuwar kilifa, gobe bayan an share shago. Za a karɓi gaisuwa a kan bencin jira. Ana roƙon masu zuwa su bar wayoyinsu a aljihu, domin mai makoki ya fara cewa ba wasa zai yi ba, dubawa kawai zai yi ko motocin suna nan, kuma ko yaran sun samu na abinci. Uwargida na sanar da cewa tata wayar lafiyarta ƙalau, kuma ba ta bayar da aro.