Ranar da Aka Daina Haƙa a Baƙin Falale

A ƙasar Baƙin Falale babu mai musun cewa dutsen da ake takawa ya taɓa zama wuta. Shimfiɗe yake hawa kan hawa, iyakar ganin shaho, kuma a ƙarƙashinsa akwai gawayin wani daji da ya riga wannan, da ƙasusuwan waɗanda suka mulke shi. Abin da ake kashe juna a kai shi ne inda wutar ta fito.

Fada tana da amsa. Wai wani ginshiƙin wuta ne ya taso tun daga cibiyar duniya, siriri daga ƙasa, kansa ya buɗe kamar naman kaza, ya narkar da dutse ya malale ƙasar. Ginshiƙi ɗaya, tushe ɗaya, saboda haka sarki ɗaya. An kuma yi sa'a, a yankin da kakannin Zaki Barmo suke kwanciya ya ɓullo. Mai riƙe da wannan ilimi shi ne ungulu Malam Tanimu, wanda bai taɓa shiga rami ba, amma ya fi kowa ganin ƙasar daga sama.

Majalisar ƙasar tana da wata al'ada mai rage surutu: ɓangaren da aka kayar a muhawara, nan take ake cinye shi. Shi ya sa kuraye ba sa fashin zama, shi ya sa kuma ilimi ya daɗe yana zaune lafiya.

Abin da ya rage kawai a ga ginshiƙin da ido. Kowane rani Malam Tanimu yakan nuna wuri, a kora masu haƙa, dabgi da gafiya da beguwa, su nutsa. Wasu rami ya rufta da su, wasu iskar ƙasa ta shaƙe su. Waɗanda suka fito suka ce ba su ga komai ba, sai a ce da gangan suka karkace, a miƙa su ga kura Ladingo, Sarkin Fawan fada. Bana layi ya zo kan jikokin Tabawa.

Tabawa tsohuwar beguwa ce, zaure ɗaya suka yi karatu da Malam Tanimu. Ta shiga majalisa ƙayoyinta na jan ƙasa, ta nemi izinin magana.

"Allah ya ja zamanin sarki. Ni tambaya na kawo. Malam ya koya mana cewa kafin ginshiƙi ya huda, ƙasa takan kumbura. 'Ya'yanmu sun kai ƙasan dutsen, lakar tafki suka tarar kwance lafiya lau, babu alamar kumburi. Aka ce to, wannan ginshiƙin mai kunya ne, ba ya kumbura. Aka ce a wuri ɗaya yake tsaye. Da aka rasa shi a wurin, aka ce ya kishingiɗa. Aka ce zafi ne shaidarsa. Da aka ji wurin bai fi maƙwabtansa zafi ba, aka ce danshi ne shaidarsa. Allah gafarta Malam, me za mu gani a rami wanda zai sa ka ce babu ginshiƙi? Faɗa mana, don mu san abin da muke mutuwa muna nema."

Malam Tanimu ya gyara fiffike. "Tabawa, tun muna yara bakinki ya fi ƙayarki tsini. Na san abin da kike ɓoyewa, zancen masu cewa ƙasa ce aka ja daga gefe-gefe ta tsage, abin da ke kusa da sama ya narke ya ɓulɓulo. To, dubi dutsen nan. Wace tsaga ce za ta yi aman wannan duka, kuma a ɗan lokaci? Ga giwaye nan, in ƙasa ta girgiza da tafin ƙafa suke saurare, sun ce can ƙasa akwai wuri mai laushi."

"Sun ce akwai laushi," in ji Tabawa. "Kai ka ce ginshiƙi ne. Amma maganarka ta yawan dutse tana da nauyi, ban iya ture ta ba. Ranka ya daɗe, ni ban san daga ina wutar ta fito ba. Malam ma bai sani ba. A daina haƙa har a sani."

Ba a taɓa jin kalmar "ban sani ba" a majalisa ba, kuma al'ada ba ta yi mata tanadi ba.

Ladingo ta lashe baki. "Inna, ki taimake mu. In ke ba ki sani ba, shi bai sani ba, wa za mu ci?"

A nan damisa Jatau, Madawakin sarki, ya miƙe. Ya daɗe yana auna faɗin dutsen da Barmo ke kwanciya a kai, bai dai sami malamin da zai jingina da shi ba.

"Inna ta faɗi gaskiya, tawali'u ne ya hana ta ƙarasawa. Tsaga ce. Wuta ba ta da tushe ɗaya, ta ko'ina ta fito, saboda haka babu gidan da aka haifa da sarauta. Ni ina tare da Inna. A raba gefe."

"Ban ce haka ba, Madawaki."

"Kin ce, Inna. Kowa ya ji."

Aka raba gefe. Ladingo ta dubi ɓangaren Tabawa, ƙaya ce da ƙashi. Ta dubi ɓangaren fada, ga ɓauna, ga gwanki, ga barewa, duk sun yi ƙiba da gaskata ginshiƙi. Ta ce ita dai a gaskiya hujjar tsaga ta shige ta. Danginta suka bi ta.

Jatau ya kama maƙogwaron Barmo tun bai gama hamma ba, kuraye suka farke cikinsa yana shure-shure. Ɓauna ta soke kuraye biyu kafin a karya mata ƙafafun baya. Malam Tanimu ya yunƙura zai tashi, nauyin abin da ya ci a zaman da ya wuce ya hana shi. Suka fige shi da rai, yana ta cewa a tambayi giwaye. Giwaye kuwa sun juya baya suna kallon gabas. Jini ya bi falalen ya taru a kwarin tsakiya, baƙin dutse bai nuna komai ba. Ɗaliban Malam suka sauko daga bishiya suka yi wa ragowar malaminsu abin da ya koya musu.

Sarki Jatau ya zauna, ya kira Tabawa gabansa.

"Inna, buƙatarki ta biya. Daga yau babu haƙa. Tunda tsaga ce ta kawo wutar farko, duk mai huda ƙasa yana gayyato ta biyu. A toshe kowane rami."

"Ranka ya daɗe, bari su fito tukuna. Jikokina suna ciki, tun da aka fara kisa suka shige."

"In sun fito, me za su yi gobe in ba haƙa ba? Halinsu ne, Inna, ba laifinsu ba."

Giwaye suka mirgino duwatsu, rami bayan rami. Tabawa ta ruga ta kafa ƙayoyinta a ƙafar ɗaya daga cikinsu, giwar ta ture ta gefe a hankali, don an yi umarni kada a taɓa uwar sabon ilimi. Aka ɗora ta a kan dutse mai tudu a hannun daman sarki, aka sa kuraye biyu suna gadin darajarta.

Da hantsi ya dubi ludayi aka soma jin wani karce-karce daga ƙarƙashin falalen, nan da can, kamar farce a jikin dutse. Dila, wanda aka naɗa magatakardan fada da safiyar nan, ya kanga kunne a ƙasa, ya daɗe, sannan ya miƙe ya yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, ga shaida ta zo da kanta. Ƙasa ce take tsagewa."

Majalisa ta amince. Aka juyo ana jiran Tabawa ta tabbatar. Ita kuwa ta kwantar da kai a kan dutsen tana saurare, tana ƙoƙarin gane farcen wane ne ya fara yin rauni.