Yadda Na Zama Yayan Mahaifiyata

Jiya na fita daga Umdurman ina ɗan Inna Tayyiba, na dawo ina yayanta. Da hatimin hukuma kuwa, har biyu.

Kakan Inna ya baro Kano a ƙafa zai je Makka, ya tsaya hutawa a bakin Nilu, hutun da zuriyarsa ba ta gama ba har yau. Bana tsohuwa ta ce ita za ta ƙarasa masa tafiyar, ni ne muharraminta, kuma ranar Alhamis ake rufe karɓar sunaye. Sai an nuna takardar haihuwa. Takardunmu sun ƙone tare da ɗakinmu lokacin yaƙi, littafin gwamnati kuma bai san mu ba, don a gida aka haife mu.

Irinmu likita ake kai wa ya ƙiyasta shekarunmu. Allah ya ƙara wa likitan nan basira! Bai tambaye mu komai ba, cewa ya yi mu buɗe baki, yadda ake duba rago a kasuwa. Inna mai aswaki sau biyar a rana, haƙoranta cif. Ni kuwa shayin Mantiƙa Sinaiya, unguwar makanikai, ya bar min guda tara. Ya rubuta mata shekara hamsin da biyar, ni hamsin da takwas, dukanmu ɗaya ga Janairu kamar rabin unguwarmu.

Muka kai wa ma'aikacin ofishin rajista, Ranka-ya-daɗe Sarkin Taga ta Uku. Ya duba, ya ce na'ura ba ta karɓar ɗan da ya girmi uwarsa. Na yaba wa na'urar, don ita kaɗai ta lura.

Na ce to a gyara. Ya ce abu mai sauƙi, in kawo ungozomar da ta karɓi haihuwar Inna. Na ce ta rasu tun kafin a jawo lantarki unguwarmu. Ya ce in kawo takardar mutuwarta. Ita kuma ba a bayarwa sai da takardar haihuwar mamaciyar.

Awadiyya mai shayi a ƙofar ofishin ta ji duka. Ta ce, "Ya Gwadabe, gyaran shekaru wata takwas ne. Gyaran dangantaka kuwa kafin azahar. Ai yaya ma muharrami ne. Khalas, shi ke nan!"

Na koma na tambaya. Ranka-ya-daɗe ya yi murmushi, ya turo takarda.

Wallahi hannuna ya ƙi. Matar nan ta goya ni, ta sayar da gyaɗa a kasuwar Suk al-Arabi har na zama makaniki, yau layi ɗaya zai raba mu. Na ji kuka yana zuwa min a gaban mutane.

Inna ta tura min biro. "Sa hannu, ya waladi, ɗana. Kakana bai isa Makka ba, ubana bai isa ba. Ni taga ba za ta tare ni ba. Ranar naƙudarka ba na'ura ce ta yi nishi ba."

Na sa.

A rakasha, keken nan mai ƙafa uku, muna haye gada, na gwada sabon muƙamina, na ce, "Tayyiba, gyara zama." Takalmin da ya sauka a ƙeyata, jama'a, babu ƙanwar da ta iya irin wannan saiti.