Rasuwar Rishon Inna Barakatu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta daina jin nauyinsa, Malam Zaidu masunci, na sabon matsugunin da ke kudu da Yelwa, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar rishon mahaifiyarsa, Inna Barakatu. Marigayin ya cika ranar Talata da hantsi, da tukunyar kunu a kansa, kunun bai nuna ba.

Ya shigo gidan a 1968, shekarar da aka datse Kwara a Kainji, ruwa ya hau gungun da aka haifi Zaidu, wato tsibirinsu na tsakiyar kogi, aka kwashe mutane zuwa tudu. A gungu ɗakin Inna na ciyawa ne. Tun tana amarya take hura wuta a ciki, hayaki ya tashi ya bi ta jinka ya yi tafiyarsa, a hanya ya kori sauro da gara. Sabon ɗakin kuwa siminti ne ƙasa da sama, tagarsa ba ta fi faifai ba. Ranar farko Inna ta jera duwatsun murhunta uku kamar yadda ta saba, ta hura. Hayakin ya hau sama, ya nemi hanya ya rasa, ya dawo ya zauna da ita. Kafin wata ya mutu fuka ta kama ta. Malamin asibiti na Yelwa ya saurari ƙirjinta, ya ce magani ba zai yi komai ba muddin tana kwana da hayaki. Daga asibitin Zaidu ya zarce kasuwa, ya dawo da marigayin rungume a hammata.

Duk wanda ya zauna da shi zai yi masa shaidar kirki. Gajere ne, mai cikin tagulla da ƙafa uku. Ba ya cin itace, ba ya barin toka, bai taɓa sa kowa hawaye ba. In an ba shi kananzir aka buga masa famfo, sai ya yi "tuf, tuf" sau biyu, sannan ya ɗauki "fuuuu" ɗin nan nasa da ake ji har zaure, wutarsa shuɗiya kamar an rina ta. A zamaninsa bangon ɗakin ya daina baƙi, Inna ta koma yin sallar asuba a tsaye. Da farko ta ƙi shi, tana cewa tuwonsa ba ya ƙamshin wuta. Daga baya ita ke goge shi da toka da lemun tsami, ba ta yarda ko surukarta Halimatu ta taɓa shi.

Ciwon ajalinsa ya faro ne daga ɓatan allurarsa, wato siririyar wayar da ake sokawa a hancinsa in ya toshe. An nema a Yelwa ba a samu ba, saboda yaƙin basasa ya tsayar da kaya. Bappa, ƙanen mahaifin Zaidu, wanda ya yi shekara arba'in yana gyaran kayan su, ya miƙar da ƙugiyar kama kifi ya soka masa. Hancin ya buɗe, amma ya buɗe fiye da kima. Tun daga ranar muryarsa ta shaƙe, "fuuuu" ya koma "fat, fat, fat", wutar ta yi ja, gindin tukunya ya fara baƙi. An kai shi wurin mai gyaran fitilu a kasuwa, ya duba, ya ce ramin da aka faɗaɗa ba ya komawa. Iyali ba su riƙe Bappa da komai ba. Ƙugiyar sabuwa ce, da kyakkyawar niyya kuma ya miƙar da ita.

Ya rasu ya bar tukunya biyu, da mazurari, da rabin kwalbar kananzir. Ya bar duwatsun murhu uku da suka yi shekara biyu a bayan ɗaki, waɗanda tuni aka dawo da su. Ya bar Inna Barakatu, wadda tarinta ya dawo daren Laraba. A yanzu a tsakar gida ake girki. Zaidu ya duba gabas jiya, ya ga hadari ya fara haɗuwa. In ruwa ya sauka wuta za ta koma ɗaki.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ba za a yi masa salla ba, tunda ƙarfe ne. Za a ɗauke shi a kwalekwalen Bappa zuwa inda kan giginyar tsohon gida ke leƙowa daga tafki, a sake shi a nan.

Za a zauna karɓar gaisuwa a ƙofar ɗakin Inna. Ba za a raba abinci ba. Ana roƙon masu zuwa kada su wahalar da kansu da goro, mai guduma ya zo da gudumarsa. Ma'aikatan da suka raba gidajen sun ce kada a taɓa bango, Zaidu kuma ya ji su. Za a fasa bangon bayan la'asar. Inna ta ce a fasa can sama, dab da rufi, inda hayakin ke taruwa yana neman ciyawa.