Gonar Kawu Jaji a Kotun da Ba Tata Ba

Ko tsufa zai kwashe min komai a ka, ba na jin zan taɓa mantawa da shari'ar farko da na tsaya wa ni kaɗai. Yanzu in na tuna dariya nake yi, amma a ranar da za a ba ni zaɓi, da na bi motar shanu zuwa kudu ban dawo ba.

Lokacin watana huɗu da dawowa Potiskum bayan hidimar ƙasa. Ina aiki a ofishin wani tsohon lauya da kowa ke kira Oga, a saman wani bene da ke bakin titin Kano zuwa Maiduguri. In tirela ta wuce sai tagogin su kama rawa, mu dakata da magana har ta yi nisa. Oga mutum ne mai sanyi, ba ya faɗa, sai dai ya bi rubutuna da jan biro har takardar ta koma kamar an yanka kaza a kanta. Ina kewar ofishin nan har gobe. A unguwarmu ta Bolewa kuwa sunana ya ɓace gaba ɗaya, na zama Barista. Har takardar asibiti mata ke kawo min in duba musu (kuma, Allah ya yafe min, ina dubawa).

Ana cikin haka sai ga Kawu Jaji, ƙanen mahaifiyata, manomi a wajen Nangere. Rigima ce tsakaninsa da maƙwabcin gonarsa, Baba Disa, a kan wani tsirin ƙasa da ke tsakaninsu, inda wake ya fi yin kyau. Sun je ƙaramar kotun shari'a, sun je ta sama da ita, duk an ba Baba Disa gaskiya. Kawu ya zauna a tabarmar Inna ya ajiye hularsa a gwiwa.

Ya ce, "Barista, gonar nan gadona ce. Daga hannun ubana na karɓe ta. Ki ƙwato min."

Kalmar gado kawai kunnena ya kama. Gado ai na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ne, wannan ko ɗan aji ɗaya ya sani. Oga ya tafi Umara a satin, ni kuma ban ga dalilin damun bawan Allah yana ibada ba (gaskiyar magana, so nake ya dawo ya tarar na ci shari'a ba jan biro). Na shirya takardu na kai. Magatakardan kotun ya duba, ya sake dubawa, ya ɗago ya ce, "Barista, nan kike nufi?" Na ce masa na iya karatu. Sai ya buga hatimi.

Sati uku ina shiri. Na aro littattafan fiƙihu wajen wani malami a unguwarmu, na rubuta shafi goma sha ɗaya a kan shaidu da rantsuwa da daɗewar abu a hannun mutum. Da yamma sai in tsaya a tsakar gida in karanta wa Inna tana tsintar shinkafa, duk inda na ɗaga murya ta ce, "Madalla," ba tare da ta ɗago kai ba.

Da kotun ta zo zama a Potiskum aka sa mana rana. Kawu ya ɗauko bas guda daga Nangere: matarsa Goggo Ladi, 'ya'yansa, surukai, har da wani tsoho da na kasa gane dangantakarmu. Ɗakin bai ɗauke su duka ba, matan suka zauna a inuwa jikin taga. Baba Disa kuwa shi kaɗai ya zo, ba lauya, da takardunsa a cikin leda. Ya tare ni a bakin ƙofa, ya gaishe ni da Hausarsa mai karin Karekare.

"'Yata, ba nan ya kamata ki kawo mu ba fa."

Na yi murmushi na gyara baƙar rigata na wuce. A raina na ce tsoho ya tsorata.

Alƙalai uku ne a zaune. Aka kira shari'armu, na miƙe na fara. Muryata ta fita tas, har ina jin daɗin kaina. Na kai tsakiyar shafi na biyu sai alƙalin tsakiya, wani dattijo mai farin gemu, ya ɗaga hannu a hankali.

"Barista, Jaji da Disa 'yan'uwa ne?"

"A'a, Allah gafarta Malam, maƙwabta ne."

"Akwai wani mamaci da suke jayayya a kan rabon abin da ya bari?"

"Babu. Amma wanda nake wakilta gadon gonar ya yi."

Ya gyaɗa kai. Ya taɓa rawaninsa ya ce, "Wannan ma na mahaifina ne, gadonsa na yi. In wani a kasuwa ya ce nasa ne, shari'ar gado za mu yi da shi?"

Ya sa aka miƙo min kundin tsarin mulki, ya ce in buɗe wurin da aka fayyace hurumin kotun, wato irin ƙarar da doka ta ba ta ikon saurara, in karanta da ƙarfi. Na karanta. Aure da mutuwarsa, riƙon yara, wasiyya, kyauta, waƙafi, rabon gado. Na karanta a hankali, ina fatan wani layi zai tsiro a ƙasa. Wurin nan na haddace shi a makaranta, har na ci jarrabawa da shi.

Ya ce, "Kin ga iyakar gona a ciki?"

Mai hankali a nan zai ba da haƙuri ya zauna. Ni sai na ji bakina yana cewa, "Allah gafarta Malam, tunda an riga an zo, mutane kuma sun taso tun daga Nangere, da kotu ta taimaka ta saurara."

Alƙalin da ke hagu ya sunkuyar da kai yana kallon takarda, kafaɗunsa na motsi. Na tsakiyar bai yi dariya ba. Ya yi min bayani kamar yana koyar da jikarsa: ko da ni da Baba Disa mun haɗa baki mun roƙa, ba su da ikon taɓa maganar, kuma duk hukuncin da suka yanke a kai, ko ya yi daidai, kotun gaba za ta rushe shi. Rigimar mallakar ƙasa tsakanin maƙwabta Babbar Kotun Jiha ake kai wa. Sannan ya juya ya tambayi Baba Disa ko yana da magana.

Tsohon ya miƙe da ledarsa. "Allah gafarta Malam, ni ban yi boko ba. Amma shekarun baya wana ya kawo irin wannan nan aka mai da mu. Na gaya wa yarinyar a waje, ina ga ba ta ji Hausata ba ne."

Ɗakin ya ɗauki dariya ƙasa-ƙasa. Alƙali ya ce an kori ƙarar saboda rashin hurumi.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Goggo Ladi da ke jikin taga ta ji kalmar "an kori", ta kuma ji dariya, sai ta ɗauka Baba Disa aka kora. Ina tattara shafukana sai na ji guɗa ta tashi a waje, doguwa, irin ta ranar kai amarya. Ɗan sandan kotu ya fita da gudu. Ni ce na fito na tsaya a gaban bas guda na dangi, da rigar lauya a jikina, na yi musu bayanin cewa mu aka kora.

Kawu Jaji ya sa hularsa ya ce, "Ai kin yi magana mai kyau, Barista. Ɗakin ne ba namu ba."

Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi, don ɓarnar ba ta kunya kaɗai ba ce. Kwanakin da doka ta bayar na ɗaukaka ƙara sun ƙare ina can ina haddar fiƙihu. Ruwa ya sauka, Baba Disa ya shuka wakensa a wurin, Kawu yana gani ta kan iyaka. Damina guda na jawo masa.

Oga ya dawo ya karanta fayil ɗin daga farko har ƙarshe, ya miƙo min dabino cikin tsarabarsa, ya ce in zauna. Ya rubuta takardar neman ƙarin lokaci a Babbar Kotu. Dole a haɗa da rantsuwa a faɗi dalilin jinkiri, dalilin kuwa ɗaya ne: kuskuren lauya. Ni na rubuta da hannuna, na rantse, na sa hannu. Ita ce takarda ta farko da Oga bai gyara ko harafi a ciki ba.

An ba mu ƙarin lokacin. Sai dai kafin a zauna, dattawan ƙauyen suka shiga tsakani, aka raba tsirin biyu, aka dasa aduwa a kan iyakar. Kawu ya ce ya gaji da hawa mota. Har ya rasu bai taɓa tayar da maganar ba, kuma duk kaka sai ya aiko min da wake. Baba Disa ma ya riga mu gidan gaskiya. Lokacin yana raye, duk sanda muka haɗu a kasuwar hatsi sai ya tambaye ni ya aiki, da fuskarsa a sake kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Allah ya jiƙansu duka.

Abin da na koya shi ne, kafin ka tara hujja ka fara tambaya ko mutanen da za ka gaya wa suna da ikon jin ka. Yanzu ni ma ina da ofis, da yaran lauyoyi da ke shigo min da fayil suna zumuɗi. Ba na barin su buɗe shi sai sun faɗa min kotun da za su, sun kuma nuna min da yatsa layin da ya ba ta hurumi. Suna fita suna gunaguni, wai na cika tsanani. Ban taɓa gaya musu dalili ba. Ba sai na wahalar da kaina ba ma: a Potiskum muke, kafin la'asar wani zai ba su labarin, har da guɗar.