Facin da Na Yi wa Wandon Basiru

Ƙanena Basiru mawaƙin rok ne, kiɗan nan na Turawa, mai jita mai ƙarar aradu. Ba kamfanin da ke bayansa. Shi ke tsara waƙarsa, ya naɗa a ɗakinsa, matasan Illela su yi ta turawa a waya. Ina alfahari da shi, ko da kuwa ina toshe kunne.

Ranar babban wasansa na farko a Ƙonni ya ajiye jakarsa a gidana. Na leƙa, sai ga wando a yayyage gwiwa biyu. Ƙwalla ta cika mini ido. Ina raye ɗan'uwana zai tsaya gaban jama'a da tsumma? Na yi bisimilla, na lafta masa faci da atamfa mai furanni, har da guga, ina ta lissafin lada.

Da ya gani sai ya dafe kai. "Yaya, mi kinka yi? Da yagarsa fa aka sayar min, ita ce adon!"

Haka ya sa abinsa ya hau dandali, don kada in ji kunya.

Har yau in na ɗauki allura, sai maigidana ya ce, "Yara, ku ɓoye rariya, gwanar ta taso."