Cindo da Ido Na Shida

A Kwarin Gauta akwai wani bawan Allah da ake kira Cindo, don da yatsu shida aka haife shi a kowane hannu, na shidan ɗan ƙarami ne maƙale a gefe. Ranar suna wanzami ya zaro aska zai cire, uwarsa ta ce ba da ita ba, wanda Ya ƙara Ya san abin da Yake nufi. To, shekara arba'in da biyar garin yana jira ya ga abin da ake nufin, shiru kake ji. 'Ya'yansa biyu sun yi aure sun tafi, gida ya rage daga shi sai matarsa Tasalla, sai jan zakaranta, wanda a wurinta shi ne na biyu wajen hankali a gidan. Cindo ba mugu ba ne, ba kuma malalaci ba. Matsalarsa guda ce: abin da ka faɗa shi zai yi, abin da kake nufi kuwa wannan tsakaninka da Ubangijinka. In Tasalla ta ce ya kasa tumatir biyar-biyar, sai ya buɗe hannu ya bi yatsu, kowane kashi ya fito shida, masu saye suna ta sa masa albarka. Ta sha rantsuwa sai ta sa wuƙar albasa ta datse ɗan yatsan nan ta huta.

Abin da ke riƙe da gidan lambu ne a fadama, gadon uwar Cindo, har da bishiyar lemun tsami da tsohuwar ta dasa da hannunta. Kwatsam sai ga masu ɗiban yashi, suka ce ƙarƙashin fadamar yashi ne mai kyau. Dagaci ya amince, aka ce nan da wata guda katafila za ta shigo ta kwashe komai. Tasalla ta yi kuka har ta gaji, don ta san in lambun nan ya tafi, babu mahalukin da zai ɗauki Cindo aiki sau biyu.

Ana cikin haka wata mata ta zo daga jami'a, Dakta Hurera, da akwatin kwalabe da wani madubi mai ƙara girman abu. Ba likitar mutane ba ce, ta ƙwari ce, ƙwarin ma ba irin su sauro da fara da suka yi suna a duniya ba. Wasu 'yan mitsi-mitsi ne da ke zama a ƙasa mai danshi da ruɓaɓɓen ganye, ba su kai ƙwayar gero ba, suna da wutsiya a naɗe ƙarƙashin ciki, in sun sake ta sai su yi tsalle su ɓace. Ta ce iri-iri ne masu kama da juna, ba a bambance su sai an ƙirga idanu, an duba gashin baya da bakin wutsiya. Ta ce tana kyautata zaton a fadamar nan akwai irin da ba a taɓa gani a ko'ina ba, in ta tabbatar kafin watan ya cika, hukuma za ta hana a taɓa wurin. Dagaci ya sauke ta a gidan Tasalla, ya haɗa ta da Cindo ya riƙa taimaka mata. Tasalla ta ɗaga kai sama ta ce, "Ya Allah, lambunmu ya dawo hannun ƙwaro da maigidana. Na gode."

Wata rana da safe Dakta ta ce, "Malam Cindo, ka je fadama ka kamo mini masu tsallen nan, duk wanda ka gani." Cindo ya ɗauki buhu ya fita. Da azahar ya dawo yana nishi, buhun yana motsi, ya zazzage shi a tsakar gida. Kwaɗi goma sha tara, fara, gyare, da ɗan akuyar maƙwabta. Kwaɗo guda ya zarce cikin tukunyar miya kamar an aike shi.

"Wannan ɗan akuyar fa?" in ji Dakta.

"Shi ma na ga ya yi tsalle, Hajiya Dakta."

Tasalla ta tsamo kwaɗon da ludayi ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Maigida. Ina ka baro zomo?"

"Ya fi ni gudu," in ji Cindo.

Daga ranar Dakta ta daina aikensa kamu. Ta ce ya riƙa ɗebo ruɓaɓɓen ganye kawai, a zuba a rariya a sa a rana, zafi ya koro ƙwarin su faɗo cikin tasa. Rariyar ta Tasalla ce, amma wa ya tambaye ta.

Wata rana, bayan Dakta ta shafe kwana huɗu tana rarrabe ƙwarin ɗaya bayan ɗaya, masu duhun baya a kwalba guda, masu haske a guda, sai ta ga ya kamata ta ilmantar da mai taimaka mata. Ta ce, "Ka ga waɗannan da waɗancan dangi ɗaya ne, kamar 'ya'yan wa da ƙani, amma dole a raba su." Maganar ta tsaya wa Cindo a rai. Ta hau tudun bayan gari amsa waya, don can kaɗai ake samun sabis. Da ta dawo ta tarar da kwalba ɗaya cike, ɗaya wayam.

"Na sasanta su," in ji Cindo yana murmushi. "Liman ya ce raba zumunci babban zunubi ne."

Dakta ta zauna daɓas a ƙasa, ta dafe kai da hannu biyu. Aikin kwana huɗu ya tafi, ga kwanakin watan suna ta ƙarewa.

Tasalla ta ce, "Madalla, Maigida. Ƙanenka da kuka shekara uku ba ku magana bai samu wannan gatan ba."

"Ai shi ba ya shiga kwalba."

Wata rana Dakta za ta shiga salla, ta bar kwalba a buɗe da ƙwarin a cikin wani ruwan magani mai hana su ruɓewa. Tunda ta fara sanin halin mutuminta, sai ta ja masa kunne. "Kada ka taɓa komai da hannu. Ka sa ido kawai a kan kwalbar nan." Cindo ya mai da hannuwa baya, ya sunkuya, ya kafa idonsa na dama a bakin kwalbar. Ruwan nan kuwa yaji gare shi ba na wasa ba. Ya daure, hawaye na zuba, har ta sallame. Ido ya yi jawur ya kumbura suntum.

"Ka sa ɗayan mana," in ji Tasalla, "kada ya ji an nuna masa bambanci."

Cindo ya fara sunkuyawa, da ƙyar ta janyo shi ta wuyan riga. Shekara ashirin da biyar ke nan tana yi masa gatse yana ɗauka umarni ne, har yau ba ta daddara ba, sannan a gidan wai shi ne wawa. Dakta dai tausayi ya kama ta. Da idon ya sace, ta zaunar da shi gaban madubin ta nuna masa inda ake sa ido na gaskiya. Ya leƙa ya ga ƙwaro ya zama ƙato, ya ja da baya ya yi masa sallama. Ta koya masa juya ƙwarin da bakin allura. Abin mamaki, ya iya, don Cindo zai wuni yana kallon abu guda bai gundura ba.

Wata rana suna cin abinci Dakta ta ce, "In muka dace da sabon iri, mu ne za mu raɗa masa suna." Shi ke nan, ta gama da Tasalla. Cindo ya ƙirga kwana bakwai. Ran na bakwai Tasalla ta dawo daga rijiya da tulu a ka, ta tarar da zaure cike da mutane, ga liman, ga wanzami, ga goro, ga kuma jan zakaranta an riga an fige shi. Maƙwabta suka bi cikinta da kallo, suna mamakin yadda ta ɓoye musu.

"Ina jaririn?" in ji liman.

Cindo ya shiga ya fito da kwalba a hannu biyu. Wanzami ya kanne ido ya leƙa, ya tambaya wanne za a fara yi wa aski. Liman ya yi addu'a dai tunda an taru, aka ci nama aka watse ana dariya. Ran nan Tasalla ba ta yi gatse ba. Ta zauna a bakin murhu ta yi kuka na gaske, don zakaran, da kuma abin da ya fi zakaran.

"Saura kwana uku, Maigida," ta ce. "Lambun Inna zai tafi, kai kana rabon goro."

Cindo ya tashi ya fita. Ya tafi fadama ya zauna a gindin lemun tsamin har la'asar.

Wata rana, wadda ita ce ta ƙarshe, aka wayi gari da katafila a bakin fadama. Dakta ta rame, idanunta sun yi ja. Duk ƙwaron da ta duba ido biyar gare shi a kowane gefen kai, da haƙora biyu a bakin wutsiya, wato irin da ake samu a kowace bola. Saura tasa guda mai ɗaruruwa a ciki. Ta ce za ta je ta roƙi dagaci ya ƙara mata mako. Da yake ta ɗauka Cindo bai san lamba ba, sai ta sauƙaƙa masa. "Na gama-garin nan idanunsu daidai yatsun hannu ɗaya ne a kowane gefe. Duk wanda ka ga haka, ka sa shi a kwalba mai jan murfi, ka rage mini aiki." Ta yafa gyale ta fice.

Tasalla tana daka, ta ji komai. Ta ajiye taɓarya ta ce, "Maigida, biyar take nufi."

"Ba ta ce biyar ba."

"Na roƙe ka, yau kaɗai."

"Hannu ta ce." Ya shimfiɗa nasa kusa da madubin ya fara aiki. Tasalla ta koma ga turminta tana daka tana share hawaye, ta riga ta sallama lambun.

Da la'asar Dakta ta dawo a gajiye. Dagaci ya ƙi, gobe da safe za a fara haƙa. Ta duba tasa ta gan ta cike yadda ta bar ta. Ta ɗaga kwalba mai jan murfi, ta ga ƙwari tara suna lilo a ƙasa.

"Tara? Tun hantsi tara? Malam Cindo, me na yi maka a duniya?"

"Su kaɗai suka cika, Hajiya Dakta. Sauran duk saura ɗaya."

"Saura ɗaya me?"

Cindo ya buɗe hannunsa a gaban fuskarta. Ku ji fa, matar da take ƙirga gashin bayan ƙwaron da bai kai ƙwayar gero ba, wata guda tana karɓar kwalba daga hannun mutumin nan, tana kiransa Cindo safe da yamma, ba ta taɓa ganin yatsa na shida ba. Ta ƙirga. Ta sake ƙirgawa. Sai ta ture shi ta zauna gaban madubin, ta ɗora ɗaya daga cikin taran.

"Biyar nake gani."

"Ba ya cikin layi," in ji Cindo. "Ki duba gefe, can ƙasa, ɗan ƙarami. Irinmu a nan muke ajiye shi."

Ta juya ƙwaron da bakin allura. Ta sake leƙawa, sannan ta ce, "La'ilaha illallahu." Ido na shida yana nan a gefe, ɓoye ƙarƙashin gashi. Ta duba na biyu, haka. Ta duba wutsiya, haƙora uku. Duka taran haka suke. Ta fita da gudu ta nufi tudun waya, ƙafa ba takalmi, gyale na jan ƙasa.

Da safe takardar hukuma ta iso kafin direban katafila ya gama shan koko. Aka dakatar da haƙa, bayan kwana biyu aka ɗora katafilar a babbar mota aka tafi da ita. Ranar da Dakta za ta koma, ta ce ƙwaron sunan Cindo zai ci, za a ɗan lanƙwasa shi da harshen masana, amma shi ne a ciki. Cindo ya ce ai babu damuwa, an riga an yanka zakara.

Da yamma suka je lambu ban ruwa, shi da Tasalla. Ta tsaya a gindin lemun tsamin ta daɗe tana kallon albasarta, daɗi ya cika ta, kunya ma ta kama ta.

"Maigida, miƙo hannunka."

Cindo ya ɓoye shi a baya. "Ina wuƙar albasa?"

"Tana gida."

Ya miƙo a hankali. Ta kama ɗan yatsan nan ta jujjuya shi, ta ce, "Allah Ya ji ƙan Inna. Wannan abin, ka riƙe shi da kyau."

Cindo ya sa ɗaya hannun ya damƙe shi. Haka ya ratsa gari har gida yana riƙe da yatsansa, Tasalla na biye da shi ɗauke da guga da fartanya da kwandon tumatir, kuma ba ta ce masa ya saki ba.